Shawara: Ba Ciyawa Kaɗai Ake Cirewa a Lambu Ba

Wasiƙar wannan makon ta fito ne daga wata ɗiyata a Mabera, nan cikin garin Sakkwato. Na taƙaita ta, na kuma sakaya sunanta kamar yadda ta roƙa.

"Gwaggo, shekara uku na yi ina rubuta labarin rayuwar mahaifiyata, Allah ya jiƙanta. A waya na rubuta shi, yawanci cikin dare bayan yara sun yi barci, har ya kai babi 58. Da na gama sai na buga shi a takarda, na kai wa malamin da ya koyar da ni Hausa a makaranta. Bayan wata guda ya maido mini, da wuya ki ga shafin da jan biro bai taɓa ba. Ya ce in zubar da kusan rabi, ya ce na cika maimaici. Har maganganun Inna da na rubuta da Sakkwatanci yadda take faɗinsu, ya mayar da su daidaitacciyar Hausa. Wata biyar ke nan ban buɗe shi ba. Duk sanda na yi niyyar goge wani wuri sai in ji kamar Inna nake gogewa. Maigidana ya ce in sake shi haka nan tunda na gaji. Ƙawata ta ce hassada ce kawai. Ni kuma na fara tunanin ko dama can ban iya rubutu ba. Ga hoton babi biyar na farko. Me zan yi?"

Ɗiyata, Allah ya jiƙan Inna, ya sa ta huta, ya ba ku haƙurin rashinta. Na karanta babi biyar ɗin sau biyu, da jan biron malaminki a kansu. Bari in fara cire miki ƙayar da ta fi sukarki: kin iya rubutu. Wurin nan da Inna take tsame ƙuli-ƙuli daga mai tana ƙirgawa a hankali, ta ware lafiyayyu na talla, ta tura muku karyayyun a murfin kwano ba tare da ta ɗaga kai ba, sai da na ajiye wayar na yi shiru. Wanda bai iya rubutu ba ba ya lura da karyayyen ƙuli-ƙuli. Maganar hassada kuwa ki ajiye ta gefe. Mai hassada ba zai ɓata wata guda yana bin rubutunki layi-layi ba. Cewa zai yi "ya yi kyau," ya miƙo miki kayanki, ya bar ki ki fita da shi a haka. Malaminki ya yi miki aiki, kuma a kan maganar cunkoso ya faɗi gaskiya. Akwai inda nake ganin ya kuskure, zan zo kansa.

Ni a bakin lambu na tashi. Mahaifina yana da fadama wajen Kwalkwalawa, kusa da gulbin Rima, a hanyar da ke zuwa mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Idan damina ta ɗauke, ruwa ya janye, iskar hunturu ta fara kaɗawa, sai a shiga aikin rani: albasa, tattasai, tumatir, karas, latas. Ni ce mai kai masa fura da hantsi, kuma in na kai ba na saurin komawa gida.

Irin karas ƙanana ne ƙwarai, shi ya sa ake cuɗa shi da yashi kafin a yayyafa. Duk da haka in ya tsiro sai ya fito a cunkushe kamar gashin kai. Wata rana, ina da kamar shekara tara, na tarar da Baba tsugune a bakin fangali yana tuge tsiron karas yana tarawa a gefe. Na san ciyawa, na kuma san wannan ba ita ba ce. Na ce masa yana ɓarna. Ya ce, "Waɗanga ba ciyawa ba na, karas na, lafiya lau. Amma in na bar su duka, babu wanda za shi yi kauri." Da ya ga ban yarda ba, sai ya nuna mini fangali ɗaya na ƙarshe, ya ce nawa ne, babu mai taɓa shi. Na yi ta murna. Fangalina ya fi kowanne kore, ganye ya yi luf-luf, har ina nuna wa masu wucewa. Ranar da aka zo cira, na Baba suka fito da kauri, jajaye, aka wanke aka ɗaure za a kai kasuwa. Nawa kuwa suka fito sirara kamar tsinken tsintsiya, wasu sun nannaɗe juna, babu ko ɗaya da za a iya sayarwa. Ƙasa ɗaya, ruwa ɗaya, iri ɗaya. Baba bai ce mini komai ba, ya dai zuba su a gaban akuya.

Abin da ke hana ki buɗe littafin nan ke nan. Da malaminki ciyawa kaɗai ya nuna miki, da tuni kin cire, domin babu mai kukan ciyawa. Abin da ya ce ki cire lafiyayye ne, gaskiya ne, ya faru, kuma kin rubuta shi da kyau. Ki dubi babi na 2, na 3 da na 5. A na 2 kishiya ta tuntsurar da man gyaɗar Inna, ta yi haƙuri. A na 3 mai bin bashin gyaɗa ya tsaya a ƙofar gida yana ɗaga murya, ta yi haƙuri. A na 5 ta goyi ƙaninki da zazzaɓi ta taka da ƙafa har asibiti, ta yi haƙuri. Kowanne shi kaɗai zai iya sa mutum hawaye. Da suka jeru, kuma kowanne ya ƙare da kalmomi kusan iri ɗaya, sai na uku ya tarar da ni na riga na san abin da zai faru. Suna cin abincin juna, ɗiyata. Da ni ce, na bashin gyaɗa zan bari, in ba shi fili sosai. A nan ne kaɗai na ga Inna ta yi wani abu da haƙurin nata: ta shiga ɗaki, ta ɗauko tasoshinta na aure, ta aike ki da su. A sauran biyun abu ne ya same ta. A wannan ita ce ta yanke shawara, kuma ke kina tsaye kina gani. Na man gyaɗa zai iya komawa layi uku a bakin wata maƙwabciya. Na asibiti ki ajiye shi, mai yiwuwa can gaba yake da wuri.

Yanzu maganar da ta fi nauyi, cewa kina ji kamar Inna kike gogewa. Ba zan ce miki wannan jin ba komai ba ne. Shekara ukun nan da kika yi kina rubutu cikin dare, zaman makoki kika yi da hannunki, kuma kowane babi wata ziyara ce kika kai mata. Saboda haka kafin ki taɓa ko harafi ɗaya, ga abin da nake so ki yi. Ki ɗauki littafin yadda yake, babi 58 cif, ki buga shi, a ɗinke miki shi da bango mai ƙarfi, ki ba 'yan'uwanki kowa nasa. Ki tura kwafi a imel ɗinki, ki sa wani a wayar maigidanki. Wannan na gida ne, na jikokin Inna, kuma a cikinsa babu abin da ya yi yawa, domin jika yana son ya san har launin zanen da kakarsa ta fi so. A watan Satumbar 2010, lokacin da ambaliya ta cinye fadamun Rima har ta karya gadar hanyar jami'a, na ga manoma sun rasa duk abin da ke ƙasa. Waɗanda suka fi saurin miƙewa su ne masu iri a ajiye a gida, cikin gora ko ƙullin tsumma a rataye. Ki rataye irinki tukuna. Daga nan duk abin da kika cire daga kwafin aiki, kin san yana nan bai tafi ko'ina ba. A nan ma rubutu ya fi lambu sauƙi. Karas ɗin da Baba ya tuge ba ya komawa ƙasa, amma ke za ki iya maido da shafi bayan wata shida idan kin ga wurinsa ya yi rami.

Littafi na biyu, wanda za ki fitar, na baƙo ne. Na wata mata ce a Gusau ko Maraɗi wadda ba ta taɓa ganin Inna ba, ba ta kuma da dalilin son ta sai wanda kika ba ta. Ita wannan matar, idan kika tara mata komai, za ta gaji ta ajiye a babi na 7, Inna kuma ta tsaya a nan. Idan kika rage, za ta bi ta har ƙarshe ta yi mata addu'a.

Sai yadda za ki kama aikin, domin na lura jan biron ya rikita ki ne saboda ya nuna miki komai a lokaci guda: babin da ya yi yawa, da kalmar da aka maimaita, da ƙugiyar da ta faɗi daga kan harafi, duk da launi ɗaya. Mai lambu ba ya yin aikinsa haka. Baba in ya iso da sassafe ba ya ɗaukar kalme. Hannu yake goyawa a baya ya zaga fadamar tun daga bakin ruwa har ƙarshe, yana kallo. Sai ya gama zagayen ya san abin da ranar take bukata. Ke ma ki buga sabon kwafi mai tsabta, wanda babu jan biro a kansa, ki karanta shi daga farko har ƙarshe cikin kwana uku ko huɗu, kamar wata ce ta rubuta. Wata biyar ɗin da kike jin kunyarsu sun yi miki amfani, sun sa idonki ya huce. Kada ki gyara komai. Alama biyu kawai za ki yi a gefen shafi: inda hankalinki ya tafi wani wuri, da inda kika manta cewa karatu kike yi. Kada ki yi wannan karatun a waya. Waya tana nuna miki layi goma ne kawai, kamar mai duba lambu ta kafar ƙofa.

Bayan zagaye, abin da Baba ya fi damuwa da shi hanyar ruwa ce. Idan babbar hanyar ta toshe ko ta karkace, fangalin kusa da inji zai cika har ya yi laka, na nesa kuma ya bushe, kuma duk takin duniya ba zai cece shi ba. Ruwan littafinki tambaya ɗaya ce: yaya mace ɗaya da kasko ɗaya ta riƙe 'ya'ya bakwai bayan rasuwar mijinta? Ita ce za ta ja mai karatu daga shafi zuwa shafi. Amma babinki na farko shafi goma sha ɗaya ne na tarihin Wurno da asalin kakanni, kafin Inna ta ko leƙo. Na san abin da ya sa. Wurno ba ƙaramin gari ba ne a wurinmu, ribaɗin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ne, can ya rasu a 1837, can kuma kabarinsa yake, kuma duk ɗan garin yana son a san haka. Sai dai ruwan ya taru a nan ya kwanta. Ki fara da kaskon. Ki rubuta sunan kowane babi a ƙaramar takarda da layi ɗaya na abin da ya faru a ciki, ki shimfiɗa su 58 ɗin a kan tabarma, ki tambayi kowanne ko ruwan nan yana bi ta cikinsa. Za ki ga da idonki waɗanda suke faɗin abu ɗaya, da waɗanda suke zaune a inda ba wurinsu ba.

Waɗannan na biyun ba zubar da su za ki yi ba, dashe suke so. Albasa ba a barin ta inda aka yayyafa ta. Tana yin kamar mako shida zuwa takwas a wurin reno, sannan a cire ta, a datse kan ganyen, a kai ta fangali a dasa da tazara. Da la'asar ake yi, in rana ta yi sanyi, a bi da ruwa nan da nan. Kwana biyu ko uku za ki gan ta a kwance ta yi yaushi kamar ta mutu, wanda bai sani ba sai ya ce an yi asara. Daga baya ta miƙe. Tarihin Wurno ɗin nan, ki datse shi ya koma shafi ɗaya ko biyu, ki dasa shi a ranar da Inna ta kai ku ganin gida, ki bar shi ya fito daga bakinta tana nuna muku wurare da hannu. Da farko zai yi miki kama da baƙo a wurin. Ki gyara layin da ke gabansa da na bayansa, ki bar shi kwana biyu, ki dawo ki duba. Amma ki sani ba kowane abu ke karɓar dashe ba. Karas in aka dasa shi saiwarsa takan karkace ko ta rabu biyu. Akwai wuraren da ko dai su zauna inda suke ko su fita gaba ɗaya, kuma hannunki zai gane su in kin gwada.

Sai an gama wannan duka ake zama cirar ciyawa, domin babu amfanin ki share fangalin da gobe za ki rushe. Ciyawarki irin ta kowa ce a rubutun zamanin nan. A babi biyar na ƙirga "ta sauke ajiyar zuciya" har na daina ƙirgawa. Akwai "nan take," akwai "ba tare da ɓata lokaci ba," akwai "wani irin" a gaban kowane ciwo da kowane daɗi, akwai gaisuwar da ke cin rabin shafi kafin a shiga magana. Waɗannan da sauƙi, ki karanta da ƙarfi, kunnenki zai kama su. In kina so ki ɗauki muryarki a waya ki saurara kina aikin gida.

Akwai wadda ta fi su taurin kai. Duk mai lambu ya san aya-aya. Ki sare ta yau, bayan kwana kaɗan ta dawo, domin 'ya'yanta suna can ƙarƙashin ƙasa a sarƙe da juna, sai an tona an tsince su. Aya-ayarki ita ce bayani bayan an riga an gani. Kin nuna mana Inna ta tura muku karyayyen ƙuli-ƙuli, mun gani, zuciyarmu ta motsa, sai kuma ki ƙara layi huɗu kina gaya mana cewa ita mace ce mai sadaukarwa wadda ba ta damu da kanta ba. Malaminki ya soke su a wurare da yawa, amma in ba ki tono tushen ba za ki sake shuka su a sabon gyara. Tushen tsoro ne. Kina tsoron kada mai karatu ya wuce bai ga darajar mahaifiyarki ba, shi ya sa kike riƙo hannunsa kina nuna masa. Ki sake shi. Murfin kwanon nan ya riga ya faɗi komai.

To, ga inda ban bi malaminki ba. A lambun Baba akwai abubuwan da ba wanda ya shuka su, su suke fitowa da kansu a gefen fangali: lalo, gasaya, wani lokaci yakuwa. Ɗan ƙwadago sabon zuwa yakan share su duka, a ganinsa duk abin da ba a layi yake ba ciyawa ne. Baba kuwa yakan hana, domin ya san da su za a yi miya a gida. Inda Inna ta leƙo ta ce, "Mi kunka ci?" malaminki ya mayar da shi "Me kuka ci?" Inda ta ce "Allah shi yi muku albarka," ya gyara "shi" ya koma "ya." A ƙa'idar aji bai yi laifi ba, daidaitacciyar Hausa ya koyar shekara da shekaru, ita kuwa an gina ta ne bisa karin Kano. Amma matar da ta ce "Me kuka ci?" ba Innarki ba ce, wata ce daban. Shawarata, bayaninki na mai ba da labari ki yi shi da daidaitacciyar Hausa domin kowa ya bi ki. Abin da ya fito daga bakin Inna da mutanenta kuwa ki bar shi da "munka" da "anka" da "wanga" da "shina," yadda kika ji shi. Bakano zai gane, zai ma ji daɗi. Ki dai tsaya a kan hanya ɗaya ta rubuta kowace kalma daga farko har ƙarshe.

Ki koma wurin malamin da kanki, da izinin maigidanki, ki riƙa masa ɗan abin alheri. Ki gode masa tukuna, domin ya cancanta. Ki gaya masa abin da kika karɓa, sannan ki ce, "Malam, maganar Inna ina roƙon a bar mini ita yadda take." Ina kyautata zaton zai yarda. In ma bai yarda ba, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma lambun naki ne. Duk inda ya sa jan biro ki tsaya ki duba da gaske, domin mai karatu in ya yi tuntuɓe a wuri, akwai abin da ya tare shi. Maganin da ya rubuta a gefe kuwa kina iya ɗauka, kina iya neman naki.

Kada kuma ki ɗauka jan biro wulaƙanci ne da boko ya kawo. A garin nan gyaran rubutu tsohon abu ne. Yaro yana rubuta allonsa, malam ya duba ya gyara, a wanke a sake. In kin sami dama ki je Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu ki ga tsofaffin takardun malamanmu. A al'adar masu kwafar littafi da hannu, in an gama sai a gwada kwafin da asalinsa, abin da aka tsallake a rubuta shi a gefen shafi, a sa masa alamar "sahha," wato ya inganta. Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta mayar da waƙar mahaifinta Shehu Usmanu daga Fillanci zuwa Hausa, ƙaninta Isa kuma ya yi wa aikin tahamisi, wato ya ƙara layuka a kowane baiti ya zama mai layi biyar. Hannu ya bi bayan hannu, babu wanda ya ga an rage masa daraja. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Maigidanki tausayinki ya ji, ya ga wata biyar kina kewaya takardun nan kamar mai kewaya maciji. Ki gode masa, amma kada ki saki littafin yanzu. Abin da ya shiga WhatsApp ya shiga ke nan, ba ya dawowa a gyara shi. Abin da za ki roƙe shi ya fi wannan amfani: awa ɗaya a rana da zai ɗauke miki yara, ko bayan sallar asuba ko bayan isha'i. Lambu ba ya son a yi masa ambaliya ran Juma'a a manta da shi har wata Juma'ar, musamman a garin da zafin Afrilu ke haura digiri 40. Kaɗan-kaɗan kullum yake so. Babi ɗaya a zama ɗaya ya isa.

Ƙa'idojin rubutu su ne na ƙarshe: ƙugiyar ƙ da ɗ da ɓ da waya take haɗiyewa, "yana" da kika raba biyu, "a kan" da "akan" da suka cakuɗe. A nan ki bi malaminki ido rufe, ya fi mu sani.

Abu ɗaya ya rage, kuma na faɗe shi ne domin na ga irin zuciyarki. Mai tsoron fara gyara, in ya fara, sau da yawa shi ne kuma ba ya iya dainawa. Albasa in ta ƙosa wuyanta yakan yi laushi, lawashi ya kwanta da kansa. Daga ranar mai lambu yake yanke mata ruwa, ya bar ta kamar kwana goma zuwa mako biyu ƙasa ta bushe kafin ya cire, sannan ya shanya ta. Wanda ya ci gaba da ban ruwa saboda so, albasarsa ba ta daɗewa a rudu, wurin ajiyarta, ruɓewa take yi tun kafin ta ga kasuwar Ramin Kura. Ranar da kika ga kin cire kalma da safe kin maido ta da yamma, lawashi ya kwanta. Ki ɗauke hannu, ki ba mutum biyu da ba su san Inna ba su karanta, ki tambaye su inda suka gaji da inda suka so a ƙara.

Ran Asabar ki je ki buga kwafi biyun nan, na gida da na aiki. In kin gama zagayen farko ki rubuto mini, ki gaya mini a wane shafi kika manta cewa karatu kike yi. Ki haɗo mini da babi na 6, domin tun da na ajiye na 5 nake son in san ko tasoshin Inna sun dawo gida.

Gwaggonki